Kyandir a ɗakin barci: Hasken araha da ke cinye gida

A gidaje da yawa abin iri ɗaya ne. An idar da sallar Isha'i, an ɗauke wuta, cajin waya ya kusa ƙarewa, man janareta kuma ya fi ƙarfin aljihu. Sai a aiki yaro shago ya sayo kyandir. A ƙyasta ashana, a ɗiga narkakken kakinsa a kan durowa ko bakin taga ko murfin bokitin roba, a dasa shi a kai.

Uwa ta kwanta shayar da jariri da niyyar idan ya yi barci ta tashi ta hure. Yawancin ranaku tana tashi. Ranar da barci ya riga ta kuwa, maƙwabta ne ke tashi da salati da bokitai.

Washegari labarin ba ya wuce 'yan layuka. Hukumar kashe gobara ta tabbatar da aukuwar lamarin, ta yi kira ga jama'a su riƙa kula. A je jaje, a ce Allah Ya mayar da alheri, a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Da dare ya yi, gidan da ke jikin wanda ya ƙone ya sake dasa kyandir a kan durowa.

Alhali gobarar kyandir tana cikin waɗanda suka fi sauƙin kaucewa. Ba ta buƙatar injiniya ko canza wayoyin gida. Doka ɗaya take buƙata, wadda kowane maigida da uwargida za su iya kafawa yau: kada kyandir ya ci gaba da ci a ɗakin da babu babban mutum ido biyu. Gidan da ke da hali kuma ya fitar da shi daga ɗakin barci baki ɗaya.

Me ya sa har yanzu ake kunna shi?

A wasu ƙasashe kyandir kayan ado ne da ƙamshi. A yawancin gidajen ƙasar Hausa kuwa larura ce ke kawo shi, don haka babu dalilin yi wa mai kunna shi dariya.

A shekarar 2021 Bankin Duniya ya ce kimanin 'yan Najeriya miliyan 85, wato kashi 43 cikin 100 na al'ummar ƙasar, ba sa samun wutar lantarki daga babban layin ƙasa. Waɗanda ke da waya a gida ma sun san wutar baƙuwa ce. A watan Oktoban 2024 jihohin Arewa da dama sun shafe fiye da mako guda a cikin duhu bayan matsalar da manyan layukan dakon wuta suka samu. A Nijar ma, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take ba ta a watan Agustan 2023, garuruwa da yawa sun ɗanɗana doguwar ɗaukewar wuta.

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, janaretoci da yawa sun koma zaman kusurwa. Tocilan ɗin waya ya rage wa kyandir kasuwa, gaskiya ne, amma idan aka kwana biyu babu wuta waya ita ma mutuwa take yi. A nan ne ake komawa wurin mai shago.

Wannan ne ya sa maganar ta zama ta kowa. Muddin ana ɗauke wuta, za a sayi kyandir. Abin tambaya shi ne inda ake dasa shi da kuma wanda ke gadinsa.

Abin da ke cikin ɗakin yau

Harshen wutar kyandir bai fi tsawon ɗan yatsa ba, shi ya sa ake raina shi. Amma zafinsa ya haura digiri 1,000 a ma'aunin Selshiyos. Ɗan hakin da aka raina shi ke tsone ido.

A dubi ɗakin barci na yau. Akwai katifar soso, kujerun kushin, labule mai santsi, gidan sauro, ledar ƙasa ko kafet, silin roba, akwatunan tufafi, robobi da ledoji. Mafi yawan waɗannan daga sinadaran man fetur ake yin su. Idan wuta ta taɓa su narkewa suke yi suna ɗiga, kowane ɗigo ya kunna wata wutar a inda ya sauka.

Gwaje-gwajen da masu binciken gobara suka yi a Amurka sun nuna cewa ɗakin da aka cika da irin waɗannan kaya na zamani yana iya kamawa gaba ɗaya cikin ƙasa da minti biyar, yayin da ɗaki mai kayan katako da auduga irin na da yake ɗaukar kusan rabin awa. Minti biyar ba ya isa a ɗebo ruwa daga rijiya, balle a jira motar kwana-kwana.

Abin da ya fi kisa a gobarar gida shi ne hayaƙi. Katifar soso idan tana ci tana fitar da baƙin hayaƙi mai ɗauke da iskar kabon monoksaid da sinadarin sayanaid. Mai barci ba lallai ne warin ya tashe shi ba. Hayaƙin kan ƙara nutsar da shi, ya suma tun wuta ba ta iso gadonsa ba. Shi ya sa ake samun mutane kwance a shimfiɗarsu kamar masu barci, ko a bakin ƙofa sun kasa zare sakata.

Lokacin hunturu haɗarin yana ninkuwa. Iska ta busar da komai, an rufe tagogi saboda sanyi, an ƙaro barguna, wani gidan har da kaskon garwashi a cikin ɗaki.

Sai kuma jarkar fetur. Gidaje da yawa suna ajiye man janareta ko na babur a cikin ɗaki don tsoron ɓarayi. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa yana yaɗuwa, kuma yana iya kamawa daga nesa da jarkar. Haka iskar gas ɗin girki take idan tana yoyo. Shiga da kyandir wurin da ake jin warin gas, ko haska tankin janareta da shi ana zuba mai, ganganci ne da rai.

Lokutan da ake mantawa

Ba a cika samun gobarar kyandir a lokacin da mutum ke kallonsa ba. Akwai lokuta sanannu da hankali ke barinsa.

Na farko shi ne lokacin da aka dawo da wuta. Yara su yi shewa, kowa ya ruga neman soket, a kunna talabijin, a jona dutsen guga. Hasken ƙwan lantarki ya dusashe na kyandir, sai a manta akwai wani yana ci a uwar ɗaka.

Na biyu shi ne karatun dare. Ɗalibi mai shirin jarrabawa ya kwanta rub da ciki a kan katifa, littattafai a baje, kyandir a gefensa. Barci ɓarawo ne, ba ya sallama.

Na uku shi ne sahur. An tashi cikin duhu, an kunna kyandir a kicin da ɗaki, an ci abinci da magagin barci, maigida ya tafi masallaci, sauran sun koma shimfiɗa.

Na huɗu, wanda ya fi ciwo, shi ne barin yara su kaɗai. Uwa ta leƙa maƙwabta ko gidan biki ko bakin titi sayar da abinci, ta bar wa yara kyandir don kada su ji tsoron duhu, ta sa kwaɗo ta waje don kada su fita. Niyyarta kariya ce. Amma ta haɗa wuta da ƙananan yara da ƙofar da ba za su iya buɗewa ba.

Ko babu wanda ya taɓa shi, kyandir yana faɗuwa da kansa. Kakin da aka liƙa shi da shi yana laushi da zafi. Iska ta kaɗa labule ya shafi harshen wutar. Kyanwa ko ɓera su ture shi. Ko kuma ya ci har ya ƙare, lagwanin ya kwanta a kan katako ko roba, wutar ta ci gaba daga nan.

Darasin Dakar

A daren 3 ga Maris, 2013, gobara ta tashi a wani gidan katako a unguwar Medina da ke Dakar, babban birnin Senegal, inda almajirai da yawa ke kwana a cunkushe. Yara tara suka rasu, mafi yawansu almajirai. Rahotanni sun danganta tashin wutar da kyandir ɗin da ake haska ɗakin da shi. Shugaban ƙasar na lokacin, Macky Sall, ya je wurin, ya yi alƙawarin ɗaukar mataki kan makarantun da ba su da ingantaccen makwanci.

Dakar tana da nisa, amma ɗakin da ya ƙone ba baƙo ba ne ga duk wanda ya san makwancin almajirai a garuruwan Arewa da Nijar: yara da yawa, ƙofa ɗaya, tsummokara da buhuna, wani wurin zana da kara, kuma babu babba a ciki. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwa ya kama da wuta, a shafa wa na kai ruwa. Alaramma da iyayen yara da masu hannu da shuni na unguwa za su iya haɗa kuɗin fitilar sola biyu ko uku, a hana kyandir da aci-balbal shiga makwanci.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙuna tana kashe kimanin mutum 180,000 a duk shekara, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Ta kuma ce yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Afirka suna mutuwa sanadiyyar ƙuna fiye da ninki biyu na takwarorinsu a duniya. Wanda ya tsira ma yakan yi watanni yana jinya, ya rayu da tabo ko naƙasa.

Ƙaddara da sakaci

Za a ce komai ƙaddara ce. Babu mai imani da zai musa. Amma addinin da ya koyar da yarda da ƙaddara shi ne ya yi magana a kan wannan matsala kai tsaye.

A cikin Bukhari da Muslim an ruwaito cewa wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina. Da labari ya isa ga Manzon Allah (SAW), sai ya bayyana wuta a matsayin abokiyar gaba, ya yi umarni a riƙa kashe ta idan za a kwanta. A wata ruwayar ya yi umarni a kashe fitilu lokacin barci, ya ba da dalili cewa ɓera kan ja lagwani ya ƙona mutanen gida. Malamai sun bayyana cewa dalilin umarnin shi ne tsoron gobara, don haka ya hau kan kyandir da aci-balbal da kaskon garwashi da duk wata wuta mai harshe ko garwashi.

Ke nan hure kyandir kafin barci sunna ce da ake samun lada a kanta, kamar rufe ƙofa da rufe abinci. Ya kamata limamai su riƙa tunatar da wannan a huɗuba da zarar hunturu ya kama, malaman Islamiyya su koya wa yara shi tare da addu'ar kwanciya. Haka ma limaman coci, tunda akwai gidajen Kiristoci da ake kunna kyandir lokacin addu'a.

Jaje abu ne mai kyau. Amma idan aka tsaya a kan jaje ba a faɗi abin da ya jawo gobarar ba don gudun ɓata wa mai gida rai, an tauye haƙƙin maƙwabcin da zai iya ɗaukar darasi.

Lissafin araha

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta talauci. Mai neman na tuwon dare ba ya da kuɗin fitilar caji a dunƙule, amma yana da na kyandir ɗaya. Wannan gaskiya ce.

Sai dai a yi lissafi. Gidan da ke ƙona kyandir ɗaya kowane dare yana sayen 30 a wata, 365 a shekara. Kowa ya ninka wannan da farashin da mai shagon unguwarsu ke sayarwa, ya kwatanta da kuɗin ƙaramar fitilar sola da ake shanyawa a rana ta yi haske da dare. A cikin 'yan watanni kuɗin kyandir ya biya fitilar, kuma haskenta ya fi nasa.

Wannan lissafin bai haɗa da abin da ke cikin ɗakin ba. Kayan ɗakin da uba ya yi shekaru yana tarawa don 'yarsa. Keken ɗinki da atamfofin mutane da aka kawo ɗinkin Sallah. Takardun makaranta, takardar fili, jarin da aka ɓoye a ƙarƙashin katifa. A gidan haya mai ɗakuna a jere ƙarƙashin rufi ɗaya, wutar da ta tashi a ɗaki guda takan bi ta silin ta cinye na mutum goma da ba su kunna komai ba.

Matan da ke adashi za su iya ware zubi ɗaya don fitila. Masu kai gudummawar biki za su iya sa ta cikin kayan amarya. Masu rabon kayan azumi da 'yan siyasa masu rabon shinkafa su ma su tuna da ita. Abin lura kawai shi ne kada a bar fitila ko waya tana caji a kan katifa ko ƙarƙashin matashi, domin batir mara kyau shi ma yana kamawa.

Idan ya zama dole a kunna

Akwai daren da babu makawa sai kyandir. A irin wannan dare, ga abin da ya kamata a kiyaye.

Kada a dasa shi kai tsaye a kan katako, roba, talabijin, kwali ko littafi. A Afirka ta Kudu, inda gobarar kyandir ke cinye gidajen kwano a unguwannin talakawa, ƙungiyar Childsafe ta daɗe tana koyar da wata dabara mai sauƙi: a samu kwalba mai faɗin baki, a zuba busasshen yashi a ƙasanta, a raba kyandir biyu, a kafa rabi a cikin yashin yadda harshen wutar ba zai wuce bakin kwalbar ba. Iska ba ta kaɗa shi, kuma idan kwalbar ta faɗi yashin kan kashe wutar. Wanda ba shi da kwalba ya yi amfani da gwangwani ko kwanon ƙarfe da yashi.

A bar tazarar aƙalla santimita 30, kimanin tsawon rula ta 'yan makaranta, tsakaninsa da duk abin da ke kamawa. Kada a ajiye shi ƙarƙashin kanta ko kayan da aka rataye, domin zafi sama yake tashi. Kada ya kusanci gidan sauro ko labule ko gefen gado.

A ajiye shi inda yaro mai rarrafe ba zai kai ba, ashana kuma a ɓoye ta. Kada a ba yaro kyandir ya leƙa ƙarƙashin gado ko cikin durowar kaya neman wani abu. Mai mayafi ko hijabi ko babbar riga ya kula idan zai sunkuya kusa da shi.

Kada a bari ya ci har ƙarshe. Wanda ya kunna shi ne zai kashe, kuma ya tsaya ya ga jan lagwanin ya mutu. Wannan doka ta shafi kyandir mai ƙamshi da ya shigo ɗakunan amare, da kaskon turaren wuta, da maganin sauro na kunnawa.

Idan wuta ta kama

A fara da fitar da mutane da yin kururuwa. Ƙaramar wuta ana iya danne ta da yashi ko jiƙaƙƙen bargo, amma kada a watsa ruwa a kan fetur ko mai ko kayan lantarkin da ke jone. Idan ta fi ƙarfi, a fita, a ja ƙofar ɗakin don rage mata iska, kada kowa ya koma ɗauko kaya.

Cikin hayaƙi a yi rarrafe, domin iska mai kyau tana ƙasa. Wanda tufafinsa suka kama kada ya gudu, ya kwanta ya yi ta birgima, ko a lulluɓe shi da bargo.

A kira 'yan kwana-kwana tun da farko, kada a jira sai bokitai sun gaza. Lambar gaggawa ta ƙasa a Najeriya ita ce 112, a Nijar kuma 18 ce ta masu kashe gobara. Yana da kyau kowa ya adana lambar ofishin da ya fi kusa da shi a waya.

Ƙuna kuma ruwa take so. A riƙa kwarara mata ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, har tsawon minti 20, a cire zobe ko awarwaro kafin wurin ya kumbura, a rufe da tsaftataccen ƙyalle, a tafi asibiti. Ɗanyen ƙwai, man goge baki, manja, baƙin mai da ƙullu ba sa warkar da ƙuna, ƙwayoyin cuta suke ƙara mata.

Nauyin da ke kan wasu

Masu gidajen haya suna da nasu kason. Ƙarafan da ake gittawa a taga saboda ɓarayi sukan zama kurkuku ranar gobara. Aƙalla taga ɗaya a kowane sashe ya kamata ta kasance mai buɗewa daga ciki, makullinta a rataye inda kowa ya sani.

Hukumomin kashe gobara su riƙa bayyana wa jama'a musabbabin kowace gobara bayan bincike, da Hausa, a rediyo da shafukan sada zumunta. Gwamnatoci su wadata su da ruwa da ƙananan motoci, domin lunguna da yawa a tsoffin unguwannin Kano, Zariya, Katsina da Sakkwato babbar mota ba ta shiga. Jama'a kuma su daina jifan ma'aikatan idan sun iso a makare, su buɗe musu hanya.

Babban maganin dai shi ne wutar lantarki tsayayya, kuma wannan bashi ne a kan gwamnati da kamfanonin rarraba wuta. Amma babu gidan da ya kamata ya jira ranar da za a biya wannan bashi kafin ya kare 'ya'yansa.

Kowane maigida yana zagayawa ya duba sakatar ƙofa kafin ya kwanta. Abin da ake nema shi ne ya ƙara da leƙa kowane ɗaki, ya tabbatar babu abin da ke ci. Idan yaro yana tsoron duhu, a saya masa tocila. Allah Ya tsare gidaje da rayuka daga gobara.